Yadda Ake Haɗa Kiɗan Drum and Bass da Asid da Jaz a Kwamfuta

A tsakiyar shekarun 1990 wasu makaɗa a Ingila suka cusa abubuwa uku da ba su saba zama tare ba cikin kiɗa ɗaya: gangar drum and bass mai gudun tsiya wadda ta taso a Landan da Biristol, kukan na'urar Roland TB-303 da 'yan Shikago suka mayar da shi salon da ake kira asid, da kuma salon jaz na Amurka. Wanda ya fi yin fice a wannan haɗi shi ne Tom Jenkinson, ɗan garin Chelmsford da aka fi sani da Squarepusher. Makaɗin gitar bes ne na gaske, kundinsa na farko ya fito a kamfanin Rephlex a 1996, na gaba kuma a Warp a 1997. A wannan shekarar ce Roni Size na Biristol da ƙungiyarsa Reprazent suka ci kyautar Mercury da drum and bass mai ɗauke da bes irin na 'yan jaz.

Wahalar aikin ɗaya ce, kuma gara ka san ta tun yanzu. Kowanne cikin ukun nan ya saba shi ne a gaba. Gangar tana so ta yi ta zuba ba tsayawa, asid yana so kunne ya koma kansa, jaz kuma yana buƙatar fili. In ka sake su gaba ɗaya, hayaniya za ka samu. Abin da za mu bi shi ne tsarin 'yan jaz: ɗaya yana baje kolinsa, sauran biyun suna riƙe masa, sannan a yi musaya.

Kayan aiki

Kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa. FL Studio da ta cika situdiyoyinmu ta isa, haka Ableton Live ko Reaper ko Renoise. Sai abin da zai yi maka kukan 303. Ta asalin, wadda Tadao Kikumoto ya ƙera a Japan aka fitar a 1981, an daina yin ta tun 1984, kuma tsohuwarta ta yi tsada ƙwarai. Akwai kwafinta mai araha, Behringer TD-3, akwai kuma na cikin kwamfuta kamar Transistor Bass na FL Studio da ABL da Phoscyon. Ka nemi sautin fiyano na lantarki irin Rhodes, da hedfon mai fitar da sautin ƙasa. Ƙaramin kibod na kiɗa zai taimaka sosai, amma ba dole ba ne.

Mataki na 1: saita gudu, ka riƙe lissafinsa

Sa gudun kiɗan a bugu 174 a minti. Drum and bass yana yawo tsakanin 160 da 180, amma 174 ne inda yawanci suka tsaya. Bugu huɗu su ne gaɓa ɗaya, kowace gaɓa kuma an raba ta gida 16, irin gidajen nan da kake gani a jere a allon manhaja. A wannan gudu bugu ɗaya yana cin kusan milisakan 345, gida ɗaya 86, gaɓa guda kuwa daƙiƙa 1.4 ba kaɗan. Rabin 174 shi ne 87. Riƙe wannan lamba, domin ganga ce za ta yi gudun 174. Fiyano zai yi tafiyarsa kamar a 87 yake.

Mataki na 2: ganga

Nan ne rabin aikin yake, saboda haka kada ka yi gaggawa.

Fara da ƙashin bayan kiɗan. Sa kik, wato dukan ƙasa mai nauyi, a gida na 1 da na 11. Sa sineya, wato dukan nan mai kaifi, a gida na 5 da na 13. Wannan shi ne ainihin takun drum and bass. Ka bar shi a layinsa daban, zai zame maka ma'auni.

A kan wannan ƙashi ake ɗora guntun kiɗan ganga da mutum ya buga da hannu. Wanda duniya ta fi amfani da shi sunansa Amen, gaɓa huɗu ne kacal da makaɗi Gregory Coleman ya buga a wani faifan ƙungiyar The Winstons na 1969, a gudun wajen 136. Dubban waƙoƙi sun ci moriyarsa, shi kuwa Coleman ya rasu a 2006 bai karɓi ko sisi daga hakan ba. Don koyo a ɗaki babu laifi ka yi amfani da shi. In kuwa sayarwa za ka yi, faifan yana da masu haƙƙi, don haka ko dai ka ɗauki rikodin wani makaɗi da yardarsa, ko ka tsara naka a gudun 136 da sautukan ganga na gaske, ka fitar da shi fayil guda, sannan ka yi masa abin da zan faɗa.

Hanya biyu ce ta kai shi 174. Ta farko, ka ƙara masa gudu muryarsa ta hau tare, kamar yadda ake yi da tsofaffin samfula (na'urorin ɗaukar guntun sauti a sake kaɗa shi) irin na Akai. Daga 136 zuwa 174 muryar za ta hau rabin taki huɗu da ɗan ɗoriya (rabin taki shi ne tazarar maɓalli ɗaya zuwa na kusa da shi a kibod), sineyar ta ƙara kaifi da tsauri. Ta biyu, ka bar manhaja ta matse shi ba tare da muryar ta canja ba. Ni ta farko nake zaɓa. Wannan kaifin shi ne kamannin kiɗan, ta biyun kuma takan dusashe bakin kowane duka.

Yanzu yanka. A FL Studio jefa shi cikin Slicex, a Ableton ka zaɓi umarnin yanka shi zuwa sabon layin MIDI. Ka tabbata kowane yanki ya fara daidai inda sandar ta sauka, kada ya ɗauko wutsiyar dukan da ya gabace shi. Bi su ɗaya bayan ɗaya ka saurara. Za ka tarar da iri huɗu: kik, babbar sineya, ƙananan sineyoyi masu raɗa da makaɗi ke sakawa a tsakani, da farantin ƙarfen ganga (cymbal) shi kaɗai. Ƙananan nan su ne ke sa kiɗan ya yi birgima. A Amen suna faɗuwa a gida na 8 da na 10 da na 16. Wanda ya share su don yana son tsafta ya kashe kiɗan. In ka ji wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarshen yanki, ka sa masa dushewa ta milisakan 3 zuwa 5, zai tafi.

Sai sake jerawa. Yi gaɓa huɗu. Ukun farko ka bar babbar sineya a gida na 5 da na 13, ka yi wasa da abin da ke tsakani kawai: musanya kik da faranti, maimaita ƙaramar sineya sau biyu, juya wani yanki ya yi baya-baya kafin sineya ta sauka. A gaɓa ta huɗu ka karya doka. Jinkirta sineyar ƙarshe zuwa gida na 15, ko ka cire kik gaba ɗaya. Kunnen mai sauraro yana jure karkacewa ne in ya san inda gida na 1 yake, don haka duk haukan da za ka yi, ka dawo masa da kik a farkon gaɓa ta gaba.

Akwai kuma ɓarin sineya, wanda ya sa 'yan jarida suka laƙaba wa wannan salo suna drill 'n' bass. Ɗauki yankin sineya ɗaya ka maimaita shi a rabin gida, wato duk milisakan 43. Hakan duka 23 ne a daƙiƙa, kunne yana iya rarrabe su da ƙyar. Ka sake rabawa biyu, ya zama duka 46 a daƙiƙa, sai ya daina zama ganga ya koma gurnani mai murya. Abin da ke ba shi daɗi shi ne kada ya tsaya cak: ƙarfin dukan ya taso daga ƙasa zuwa sama, ko muryar ta hau rabin taki a kowane duka, ko ya tashi daga kunnen hagu ya sauka a na dama. Ɓari ɗaya ko biyu a gaɓa takwas ya isa a yawancin waƙar. Ajiye sauran don lokacin da ganga za ta karɓi fili.

A ƙarshe ka haɗa shi da ƙashin farko. Kik da sineyar da ka tsara su zauna ƙarƙashin yankakken kiɗan su ba shi nauyi. Rage wa yankakken kiɗan sautin da ke ƙasa da Hz 120 (Hz ma'aunin muryar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri ke nan) don kada kik biyu su yi karo.

Mataki na 3: fiyano

Za mu zauna a amon G, da jerin amon da 'yan jaz ke kira Dorian: G, A, Bb, C, D, E, F. Baƙin maɓalli ɗaya ne kawai a ciki, Bb. Kod, wato amo da yawa da ake dannawa lokaci guda, biyu sun ishe ka waƙa guda.

Na farko Gm9. Kada ka danna G, bes zai riƙe shi. Danna Bb, D, F, A a tsakiyar kibod. Na biyu C13: Bb, D, E, A. Duba da kyau, yatsa ɗaya ne ya motsa, F ta sauko E, amma launin kiɗan ya sauya gaba ɗaya. Haka masu fiyanon jaz suke yi, suna bar wa mai bes tushen kod, su kuma su yi tafiya kaɗan-kaɗan. In kana son wurin sauka, ƙara na uku, Fmaj9: A, C, E, G. Jerin ukun nan shi ne ginshiƙin da aka gina ɗimbin waƙoƙin jaz a kansa.

Ka ba kowane kod gaɓa biyu. Kada ka sauke shi a gida na 1 kullum. Gwada gida na 15 na gaɓar da ta gabata, ya riga ganga isowa da ɗan kaɗan. In kana da kibod, rage gudun zuwa 120, ka buga da hannu, sannan ka mayar 174. In da linzami kake zanawa, ka ɗan ja amon kod ɗin su sauka a jere da tazarar milisakan 10 zuwa 20, ƙarfinsu kuma ya bambanta. Kada ka bari manhaja ta daidaita maka su a kan layi ɗari bisa ɗari. Fiyanon da ya sauka daidai kamar sojan fareti ba jaz ba ne.

Mataki na 4: bes

Zaɓi ɗaya cikin biyu a kowane sashe na waƙar, kada ka haɗa su. Akwai bes na can ƙasa, sautin sine tsantsa mai dogon numfashi: G a Hz 49 ƙarƙashin kod na farko, C a Hz 65 ƙarƙashin na biyu. Akwai kuma bes mai tafiya irin na jaz, amo ɗaya a kowane bugu, da sautin babban bes na katako ko gitar bes. Gwada G, A, Bb, B, sannan C, D, E, F#, ka dawo G, kana sauya kod a kowace gaɓa a wannan sashe. B da F# ba sa cikin jerinmu, matakala ce kawai ta hawa zuwa amo na gaba, kuma su ne ke kawo ƙanshin jaz ɗin. Gudun 174 ba baƙo ba ne ga masu bes na jaz, suna tafiya a kansa har su wuce.

Mataki na 5: asid

An ƙera 303 ne don ta maye wa masu gita gurbin mai bes lokacin atisaye. Ba ta yi kama da bes ba ko kaɗan, kasuwarta ta mutu, aka riƙa sayar da tsofaffinta da arha. A haka ta faɗa hannun ƙungiyar Phuture ta su DJ Pierre a Shikago, waɗanda suka gano cewa daɗinta yana cikin murɗa ta yayin da take kiɗa. Faifansu na 1987 ne ya buɗe salon.

Abu biyu ne ke yin asid: jerin amo, da hannun da ke murɗawa. A jerin, kowane gida yana iya ɗaukar alama biyu. Accent yana sa amon ya fito da ƙarfi, matatar sautin (filter, mai tace kaifin sauti) ta buɗe da sauri ta rufe. Slide yana sa amo ya zame zuwa na gaba ba tare da yankewa ba, kamar yadda makaɗin kalangu ke matse tsirkiya a hammata muryar ganga ta hau ta sauka cikin duka ɗaya. Ga jeri na gwaji:

Gida 1, G da Accent. Gida 2, G. Gida 4, G na sama da Slide. Gida 5, Bb. Gida 7, G. Gida 8, G da Accent. Gida 10, F da Slide. Gida 11, G. Gida 13, D na sama da Accent. Gida 14, C. Gida 16, Bb da Slide. Sauran gidajen a bar su fayau.

Guraben da aka bari da gangan ne. A asalinsa asid yana tafiya ne a wajen 120 zuwa 130. A 174, in ka cika gida 16 duka, kunne ba zai kama komai ba. In ma jerin nan ya yi maka sauri, sa shi ya yi rabin gudu. Ka kuma lura da F na gida 10: idan fiyano ya koma C13 zai goga da E. Ko ka yi kwafi na biyu ka mayar da shi E, ko ka bar gogayyar in ta yi maka daɗi, tunda wucewa yake yi.

Yanzu mamurɗan da ke jikin na'urar. Zaɓi sautin zarto, wanda aka rubuta Saw. Kai Resonance kusan kashi uku cikin huɗu, Env Mod rabi, Decay ƙasa-ƙasa, Cutoff kuma, mai buɗe matatar sautin da rufe ta, a rufe kusan duka har sai ƙugi kawai kake ji. Danna rikodi, ka buɗe Cutoff a hankali cikin gaɓa 16, kana ɗan komawa baya kana sake hawa. Idan ka kusa ƙololuwa ka ƙara Decay, amon zai yi tsawo ya fara kuka. Yi haka da hannu ko da linzami, kai tsaye, sau uku ko huɗu, ka zaɓi wanda ya fi rai. Layin da aka zana miƙaƙƙe daga ƙasa zuwa sama ana gane shi nan take. Wani sirrin na'urar: in Resonance yana sama ka jera Accent biyu ko uku a gidaje masu bin juna, kowanne yana hawa kan na baya, kukan ya riƙa tsananta. Yi amfani da wannan a ƙarshen jimla.

Bayan na'urar ka sa abin ƙona sauti (distortion) kaɗan, sannan amsa-kuwwa mai tazarar gida uku, wato kusan milisakan 259, a can baya-baya. Ka kuma yanke mata duk abin da ke ƙasa da Hz 150, wurin bes ne.

Dabarar da na fi so ita ce rage tsawon jerin. Mayar da shi gida 12 alhali ganga tana kan 16, sai su riƙa saɓawa su haɗu duk bayan gaɓa uku. In ka sa 15, ba za su sake haɗuwa a gida na 1 ba sai bayan gaɓa 15. Jeri ɗaya ne, amma Accent yana faɗuwa a sabon wuri kowane zagaye.

Mataki na 6: rabon fili

Gaɓa 16 daƙiƙa 22 ce. Ga tsarin da za ka fara da shi, daga baya ka rushe shi yadda kake so. Gaɓa 16 na buɗewa, fiyano da farantin ƙarfe kawai. Gaɓa 32, ganga da bes mai tafiya su shigo, asid yana can a rufe ana jin ƙuginsa. Gaɓa 32 na asid: a nan ganga ta koma taku mai sauƙi ba ɓari, bes ya koma na ƙasa mai dogon numfashi, fiyano ya tsaya a kod ɗaya ko ya yi shiru. Gaɓa 16 na hutu, ba ganga. Gaɓa 32 na ganga, inda za ka zazzage duk yanka da ɓarin da ka tanada, asid kuma ya rage amo biyu kacal. Gaɓa 16 kowa da kowa, sai 16 na fita. Jimla 160, kusan minti 3 da daƙiƙa 40.

A sashen ganga ka ari al'adar 'yan jaz ta musayar gaɓa huɗu-huɗu: ganga ta yi magana gaɓa huɗu ita kaɗai, fiyano ko asid ya amsa a huɗu na gaba, a sake. In ganga ta ƙare da ɓari mai hawa, bari asid ya fara daga sama ya gangaro, a ji kamar amsa ce ta abin da aka faɗa. Sashen kowa da kowa kuwa kada ya wuce gaɓa 16 ɗin nan. Yana da armashi ne don an jira shi.

Mataki na 7: gyaran sauti da fitarwa

Sauke komai ƙasa, ka ɗaga ganga tukuna, sai bes, sai asid, fiyano a ƙarshe. Duk abin da ke ƙasa da Hz 120 ya zauna a tsakiya, kada a baza shi hagu da dama. Sa bes ya riƙa dusashewa da desibel 2 zuwa 3 duk lokacin da kik ya sauka. Rage wa fiyano ƙasan Hz 200. Asid idan ya buɗe yakan soki kunne tsakanin Hz 2,000 da 4,000, daidai inda kaifin sineya yake. Sa masa kwamfuresa, mai danne ƙarar da ta yi yawa, bayan abin ƙona sautin, ka ɗan rage wannan yanki a lokacin da ya kai ƙololuwa.

Lasifikar waya ba ta iya fitar da Hz 49. Yi kwafin bes ɗin ƙasa, ka ƙona kwafin kaɗan, ka yanke masa ƙasan Hz 100, ka haɗa shi da na asali a hankali. Hakan zai haifar da amo a 98 da 147 da sama, wanda ƙaramar lasifika za ta kama, kunne kuma ya cike sauran.

Ka bar tazarar desibel 6 a babban layi kafin ka sa limita, mai hana ƙara wuce iyaka, kuma kada ka matse shi har ƙananan sineyoyin su yi ƙarfi ɗaya da manya. Spotify da makamantansa suna daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, saboda haka matsewar da ta wuce kima ba za ta sa ka fi kowa ƙara ba. Fitar da WAV mai bit 24 a 44.1 kHz don ajiya, da MP3 mai 320 don turawa. Saurara a hedfon, a waya, da babbar lasifika. In a wani wuri ka kasa ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu tare da kiɗan, koma wannan gaɓar ka mayar da sineya gida na 5 da na 13, ka sake fitarwa.